Isyaku Mai Dagi a Cikin Littafi

A Gangaren Kanya, wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Shanono, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai da jerin gamba, akwai wani mutum da ake kira Isyaku Mai Dagi. Dagi shi ne ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sarar ƙasa da shi, kuma tun Isyaku yana saurayi ba a cika ganinsa babu shi a kafaɗa ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Sana'arsa haƙar rijiya, a wurin mahaifinsa ya koya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, boko kuwa bai taɓa shiga ba. Abin da ya sani shi ne ƙasa: jar ƙasa ta sama, sai marmara mai cinye bakin dagi, sai yumɓu, sai farin yashi mai sanyi wanda in ka kai gare shi ka san ruwa ya kusa. Ƙaninsa Bala, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, shi ne mai tsayawa a bakin rami yana jawo bokitin ƙasa da igiya. Shekara talatin da 'yan kai suna haka, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ba su taɓa musayar wuri ba, don Bala ya ce ko Kano za a ba shi da abin da ke cikinta ba zai shiga rami ba. Matar Isyaku, Lauratu, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a cikin gida. Babbar 'yarsu Jumma tana aure a Dawakin Tofa, mazan kuma sun tafi Kano neman abinci.

Da aka fara shigowa da injin haƙa burtsatse, aka kafa tankuna a unguwanni, aikin Isyaku ya ja baya. Ya koma ga 'yan gonakinsa biyu, gero da gyaɗa, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Sai ga shekarun wahala sun zo. Man fetur ya gagari mutane, janaretan da ke tura ruwa cikin tanki ya yi shiru, mudun gero ya kai inda magidanci zai tsaya a gaban mai awo ya yi ta kallo sannan ya juya. Mutane suka tuna da tsofaffin rijiyoyin da suka rufe da kwano da itace. Aka dinga aiko wa Isyaku, wannan a yashe masa, wancan a ƙara masa zurfi. Wani ya biya da kuɗi, wani da kwanon dawa, wani da godiya kawai. Duk da haka a gidansa ana ɗora tukunya sau biyu a rana, abin da ba kowane gida ke samu ba a lokacin.

A farkon waɗannan shekarun ne aka kira shi ya yashe rijiyar firamaren garin. Yana fitowa daga ramin, jikinsa duk laka, ya tarar da wata malama a tsaye da littafin rubutu a hannu. Sunanta Maijidda, 'yar Bici ce, ba ta daɗe da gama kwalejin horon malamai ba aka turo ta ƙauyen. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce tana son ta yi masa tambayoyi game da sana'arsa. Isyaku ya zauna a kan bokiti ya amsa mata abin da ya sani. Da ta tambaye shi ko ya taɓa cin karo da wani abin mamaki a ƙarƙashin ƙasa, sai ya tuna wata rijiya da ya haƙa tun 'ya'yansa suna ƙanana. A zurfin gaba tara, wato kamar tsayin mutum tara, dagi ya bugi wata tsohuwar tukunya, an liƙe bakinta da yumɓu. Ya aika da ita sama, suka fasa ta shi da Bala, ba su sami komai ba sai baƙar ƙasa. Suka watsar da kaskon suka ci gaba da aiki. Iyakar labarin ke nan. Malamar ta rubuta, ta yi godiya, bayan wata uku aka mayar da ita Bici. Isyaku ya manta da ita.

Bayan kusan shekara biyu, ranar kasuwar Shanono, ya je sayen sabuwar igiya. Mai igiyar ya jingina wayarsa a jikin buhu, mutum biyar ko shida sun kewaye ta suna sauraro. Wata murya mai kauri tana magana a hankali, irin ta masu karanta labarai. Isyaku yana cikin murza igiya a hannu yana duba ƙarfinta ya ji muryar ta ce: "Isyaku Mai Dagi na Gangaren Kanya ya durƙusa a gindin rijiyar, ya sa hannu ya ɓalle yumɓun da ke bakin tukunyar, bai san abin da aka tsare shekara ɗari bakwai ya saki ba."

Ya saki igiyar. Abin da ya fara zuwa masa shi ne cigiya ake yi a rediyo, ko kuma hukuma ce ke nemansa. Ya tambayi mai igiyar wace tasha ce wannan. Mutumin ya ce ba tasha ba ce, littafi ne, ana tura shi a waya kashi-kashi, yanzu an kai kashi na goma sha ɗaya, shi ne ya koma farko saboda waɗannan da ba su ji ba. Isyaku ya ce to ai shi ne Isyaku Mai Dagi. Suka yi dariya. Da wani mai sayar da awaki da ya san shi ya tabbatar musu, dariyar ta tsaya, suka shiga kallonsa daga hula har takalmi. Ɗaya daga cikinsu ya matsa gefe kaɗan. Wani kuma ya miƙo hannu suka gaisa, ya riƙe hannun ya ƙi saki, yana tambayarsa yadda ya ji lokacin da hayaƙin ya fito. Isyaku ya ce wane hayaƙi. Ya dawo gida ba tare da igiyar ba.

A gida ya tarar ashe shi kaɗai ne bai sani ba. Lauratu ta sunkuyar da kai ta ce sati biyar ke nan suna taruwa bayan la'asar a gidan maƙwabciyarsu Hure, wadda ɗanta ya aiko mata da waya daga birni, suna sauraro. Ta ce ta rasa yadda za ta gaya masa ne. Ya sa ta zauna ta ba shi labarin tun daga farko, ita kuwa tana farawa sai kunyar ta tafi, ta ajiye ludayin da take kwasar mai, ta shiga bayani da hannu bibbiyu.

Wai a zamanin da, kafin Musulunci ya iso ƙasar nan, mutane suna da wasu abubuwa bakwai da suke bauta wa. Da gaskiya ta zo aka watsar da su, sai matsafi na ƙarshe ya tara su a tukunya ya binne. Suna nan cikin duhu da yunwa har ranar da Isyaku ya buɗe. Suka fito suka tarar babu wanda ya san ko sunansu, babu mai yanka musu ko ɗan tsako, sai suka bazu cikin mutane suna neman abin ci da kansu. Babbansu, Zangarma, ya zama direban adaidaita sahu a Kano, duk wanda ya hau bai yi bisimilla ba sai ya manta hanyar gidansu har abada. Wata ta hau ƙarfen sabis tana shan muryoyin mutane. Wani kuma ya tare a kasuwar hatsi, ya shige cikin mudu, duk lokacin da ya ja numfashi sai mudun ya ƙanƙance.

Isyaku ya ce mata ai ta san tukunyar nan babu komai a ciki, ita da kanta ta ga kaskon da yara suka kwaso a tsakar gida. Lauratu ta ce ta sani. Sannan ta ce, "Amma Malam, ka tabbata da ka fasa ba ka ji wani sanyi ya wuce ta gefen kunnenka ba?"

Ya dube ta. Shekara talatin da biyar suna tare.

Ya je wurin Bala, don shi ne shaidarsa. Bala ya ce shi ma ya ji kashi uku a wurin mai shayi, kuma abin da ya ɓata masa rai shi ne babu sunansa ko sau ɗaya, kamar tukunyar da kanta ta hau sama.

Daga nan abubuwa suka rikice masa. Ba wai mutanen Gangaren Kanya sun yarda da labarin ba ne. In ka tsare kowa shi kaɗai zai ce maka ƙirƙira ce, tatsuniyar 'yan boko. Amma in Isyaku ya wuce majalisa sai wani ya ce, ga wanda ya jawo mana tsadar gero, a yi dariya, dariyar kuma ba ta kaiwa ciki. Alhaji Sama'ilu, mai fataucin shanu, wanda ya riga ya nuna masa inda zai haƙa sabuwar rijiya a bayan gidansa, ya aiko a ce a dakata tukuna. Daga baya Isyaku ya ji cewa matan gidan ne suka ce ba za su sha ruwan da ya fito daga hannunsa ba. Gida biyu suka bi sahu. A wancan satin kuma wasu samari uku suka zo daga Kano a mota, suka ce a nuna musu rijiyar, suka tsaya a gefensa suna ɗaukar hoto, ɗayansu ya roƙe shi ya ɗaga dagin sama ya ɓata fuska. Wata tsohuwa daga wani ƙauye ta tako a ƙasa tun safe, ta durƙusa a zaurensa ta ce tun da shi ya sake su, shi za su ji wa magana, ya roƙar mata na cikin mudun ya sassauta, jikoki shida ne a hannunta. Isyaku ya yi ta rantse mata cewa shi bai san kowa ba sai Allah. Ta ce ta gane, ba a faɗa a fili. Ya sa Lauratu ta ɗebo mata dawa a ƙwarya, tsohuwar ta tafi tana ganin buƙatarta ta fara biya.

Abin da ya fi damunsa shi ne ya kasa gane laifin da ake tuhumarsa da shi, balle ya kare kansa. Da ƙarya aka yi masa, ya san inda ake kai ƙarar maƙaryaci. To amma kowa ya yarda ƙarya ce, har mai ƙaryar ma an ce ba ta ɓoye ba, kuma ga aiki yana kuɓuce masa. Wani lokaci yana cikin rami shi kaɗai, sama ta zama ɗan farin faifai a bisa kansa, sai ya kama kansa yana ƙoƙarin tuno ranar tukunyar: shin da gaske baƙar ƙasa ce kawai? Sai ya yi a'uziyya ya ci gaba da sara.

Limamin garin, Malam Abdulƙadir, ya kira shi bayan sallar azahar. Ya ce shi bai ga laifinsa ba, kuma zai faɗa wa jama'a cewa wanda ya danganta tsadar abinci da wani abu a cikin mudu ya binciki imaninsa. Amma ya ba shi shawara ya nemi wadda ta rubuta, don an ce wata malama ce a Bici, ita ta ɗaura, ita za ta kwance. Sai a lokacin Isyaku ya tuna da mai littafin rubutu a bakin rijiyar firamare. Da zai tashi, Liman ya ce shi ma ya saurara har kashi na tara, don ya san abin da zai hana mutane, kuma in ya je ya tambaye ta ko yarinyar nan da ta hau adaidaitar Zangarma za ta koma gida.

Kuɗin mota ya yi tsada, don haka ya ari keken Bala ya kama hanya bayan sallar asuba, ya isa Bici da hantsi. Ya yi tambaya a makarantu biyu kafin a nuna masa ta uku. Maijidda ta fito daga aji da alli a hannu, tana ganinsa ta gane shi, ta durƙusa ta gaishe shi da murna, ta sa aka kawo masa benci a gindin darbejiya da ruwa a kofi. Murnar ta sa ya rasa ta inda zai fara, don ya taho da shirin faɗa.

Da ya gaya mata abin da ke faruwa, fuskarta ta sauya. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Ta fara rubutun ne don ƙawayenta su ashirin da wani abu a waya, saboda albashi ba ya kaiwa ko'ina, zaman gida da tunani kuma sun ishe ta. Wani mai karanta littattafai ya ɗauka ya sa murya, daga nan abin ya fi ƙarfinta. Sunansa kuwa ta sa ne don girmamawa, don a duk mutanen da ta sani babu wanda ya burge ta kamar mutumin da ke shiga cikin ƙasa ya fito wa jama'a da ruwa. Ta ce ai a littafin shi ne mutumin kirki, shi ne yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana neman mayar da su.

Isyaku ya ce shi bai bi kowa ba, yana Gangaren Kanya.

Ta ce ta sani, na littafin take nufi.

Ya ce, "To Malama, abin da na zo tambaya ke nan. Wannan na littafin, ni ne ko ba ni ba ne?"

Ta ce, "Baba, sunanka ne, da garinka, da sana'arka. Amma abin da ya aikata ba kai ka aikata ba."

"To wa ya aikata?"

"Babu kowa. Ni na zauna na ƙago."

"In babu kowa, don me Alhaji Sama'ilu ya hana ni aiki?"

Ta ɗauko wayarta ta ce ya saurari kashi na farko da kunnensa, don ya ji ba ta ci mutuncinsa ba. Ya karkata kai ya saurara. Ba a yi nisa ba ya ɗaga hannu ya ce ta tsayar. Ya ce wa ya gaya mata ana shiga rijiya da tsani? Ramuka ake sara a jikin bango hagu da dama, mutum ya dinga taka su yana sauka. Kuma an ce ya kunna fitilar ƙwai a gindin rami mai gaba ashirin. Wanda ya yi haka hayaƙi zai kashe shi kafin wani Zangarma ya taɓa shi. Sannan ba a samun marmara a ƙarƙashin farin yashi, a sama take. Ya yi maganar da ta fi wadda ya yi a wata guda, har da zane a ƙasa da tsinke. Maijidda ta ɗauko takarda tana rubutawa. Sai da ya ga alƙalamin yana tafiya ya tuna yadda aka fara, ya katse bayanin.

Ya ce shi dai roƙonsa ɗaya ne, ta cire shi daga ciki. Ta ce waɗanda suka riga suka fita ba ta da ikon dawo da su, suna cikin wayoyin mutanen da ba ta sani ba, amma ta yi alkawari bayan kashi na gaba ba zai sake fitowa ba. Ta ba shi haƙuri har da hawaye. Ya ce ya yafe. Sai da ya yi nisa a kan keke ya tuna bai yi tambayar Liman ba.

Maijidda ta cika alkawari, ta hanyar da ta ga ita ce mafi daraja. A kashi na goma sha uku, Isyaku Mai Dagi ya yaudari uku daga cikin abubuwan nan ya koma da su gindin rijiyar, yana karanta addu'a, ya sa aka rufe ramin da shi a ciki. An ce mai karantawar da kansa sai da muryarsa ta yi rawa.

Kashin ya iso Gangaren Kanya ranar Talata. Isyaku ya dawo daga gona ya tarar da Lauratu idanunta jajur, ta kasa kallonsa, ta zuba masa tuwo ya fi na kullum. Ranar Laraba da hantsi yana zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya, sai ga mutum huɗu daga wajen Shanono, cikinsu har da mai igiyar nan. Sun ji a kasuwa ana cewa Isyaku Mai Dagi ya rasu, rijiya ta rufta da shi, kuma wanda ya gaya musu bai ce a littafi ba ne. Suka yi sallama, ya amsa, suka tsaya cirko-cirko a ƙofar zaure. Daga ƙarshe babbansu ya ce tun da sun riga sun zo, a yi addu'a. Isyaku ya shimfiɗa musu tabarma, aka ɗaga hannu aka roƙa wa mamatan Musulmi gafara, shi ma ya shafa.

Kafin azahar sai ga Jumma daga Dawakin Tofa a bayan babur, mayafi a hannu, tana kuka tun daga bakin gari. Ta shigo ta ga mahaifinta yana alwala. Ta zube a ƙasa, kukan ya ƙi tsayawa, ta riƙe ƙafarsa tana cewa an ce mata tun jiya aka kasa fito da shi. 'Ya'yansa na Kano suka yi ta kiran wayar Hure. Kwana uku ana zuwa, wasu ta'aziyya, wasu barka, wasu kuma sun taho da ɗaya suka koma da ɗaya. Abincin da Lauratu ta tanada na sati biyu ya ƙare a kan baƙi.

Liman ya aika wa Maijidda da saƙo mai zafi. A farkon kashi na goma sha huɗu aka ji muryarta ita da kanta, tana cewa labarin nan ƙirƙira ce daga farko har ƙarshe, Malam Isyaku na gaskiya yana nan da ransa da lafiyarsa, Musulmi ne mai tsoron Allah, bai taɓa sakin komai ba, kuma duk mai son rijiya mai kyau ya neme shi. Wannan ya taimaka, ko da yake an sami waɗanda suka fahimci cewa ya fito daga ramin ne, suka ƙara jin tsoronsa.

Abin da ya gyara al'amarin a ƙarshe shi ne rani. Ruwa ya ja ƙasa, shanun Alhaji Sama'ilu suna buƙatar sha, mai haƙar da Alhajin ya ɗauko daga wani gari ya haƙa gaba shida bango ya zube. Alhaji ya zo da kansa da yamma, ya yi ta zagaye-zagayen gaisuwa, sannan ya ce yaushe za a fara. Isyaku bai tayar da maganar baya ba. Suka yi kwana goma sha tara shi da Bala, suka sami ruwa a gaba goma sha ɗaya, mai daɗi, matan gidan suka sha. Littafin ya ci gaba ba tare da shi ba har kashi talatin da wani abu, aka gama, wani sabo ya fito a kan wata matar aljani, majalisa ta koma kansa.

Isyaku ya ƙara rani biyu yana haƙa, sannan gwiwarsa ta dama ta ƙi, ta yadda in ya sauka ba ya iya hawowa sai Bala ya ja shi kamar bokiti. Ya ajiye aikin, ya karɓi aron wani ɗan fili a fadama yana shuka albasa.

A shekarar ne Maijidda ta zo Gangaren Kanya tare da mijinta, ta kawo masa littafin an buga shi a takarda, da turmin atamfa na Lauratu. Ta ce ta gyara komai: babu tsani, babu fitila, marmara ta koma inda take. Ta sauya sunan garin, shi kuma mai haƙar ta mayar da shi Kamilu, don kada wani ya sake damunsa. Isyaku ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya juya littafin gaba da baya, ya kalli hoton bangon, wani dogon mutum siriri riƙe da shebur.

Bayan sun tafi ya daɗe a zaune da shi a cinya. Lauratu tana ta auna atamfar a jikinta. Ya tambaye ta ko ta san wani Kamilu mai haƙar rijiya a ƙasar nan. Ta ce babu wani Kamilu, ai ya ji bayanin malamar, suna ne kawai aka sa.

Ya ce ya ji. Ya ƙara duban hoton, ya ce, "Amma ai ni na sami tukunyar."

Lauratu ta ce to ba shi ya ce a cire shi ba? Ya ce haka ne, shi ya ce. Ya miƙa mata littafin ta sa a cikin kwalla tare da takardun asibiti, shi kuma ya jawo sandarsa ya nufi fadama, don ranar ce ranar ban ruwansa kuma rana ta fara yin sanyi.